Injin Lissafi Bai San Sittin Ba

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a ofisoshin biyan ma'aikata, da wuraren gine-gine, da bakin fadamu inda a ke hayar injin ban ruwa. In gardama ta tashi a kan kuɗi, sai mai riƙe da littafi ya jawo ɗan injin lissafin nan na hannu da a ke kira kalkuleta, ya daddanna, ya juyo maka da fuskarsa, ya ce, "Ga abin da inji ya ce, inji kuwa ba ya ƙarya." Daga nan sai bakinka ya mutu. Ka karɓi abin da aka miƙo maka, har ka yi godiya, ka kama hanya. To, jama'a, da wannan magana na ke so in yi faɗa yau. Ni ba maƙiyin inji ba ne, ina da nawa a aljihu, kuma ya sha fid da ni kunya a kasuwa. Abin da na ƙi shi ne a ɗora shi bisa gadon alƙali a shari'ar da bai san kanta ba, watau lissafin awa da minti.

Bari in ba ku labarin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ina da wani ƙane, ɗan baffana, lebura ne a wani wurin gini inda a ke biya da awa, naira 600 kowace awa. Ya kan shiga aiki da ƙarfe 7:30 na safe, ya tashi da ƙarfe 5:15 na yamma, a cire masa awa guda ta hutu. Aikinsa na yini ke nan awa 8 da minti 45. Shi kuwa ya gama ajin yaƙi da jahilci kamar ku, saboda haka yana da ɗan littafinsa inda ya ke rubuta aikin kowace rana. Ga yadda ya yi lissafinsa: awa takwas naira 4,800, rabin awa 300, kwata 150, jimla 5,250 a yini. Ya yi kwana 26 a watan, ya sa rai da naira 136,500. Da ranar biya ta zo, sai aka ƙirgo masa 131,820.

Ya ce, "Malam Akawu, a taimaka a sake dubawa, kuɗina bai cika ba." Akawu bai yi fushi ba. Ya jawo inji ya danna 8.45, ya yi sau 600, sai ga 5,070. Ya goge ya sake, 5,070. Ya ce, "Ka dai gani da idonka. Ko kai ka fi inji ne?" Yaro ya dawo gida jiki a sanyaye yana zargin kansa. Ya ce mini, "Yaya, ashe karatun namu na manya bai kai ba." Wannan kalma ta fi kuɗin ƙona mini rai.

Kashegari na raka shi. Bayan mun gaisa na ce, "Malam, rabin awa minti nawa ne?" Ya ce talatin. Na ce, "Wanda ya yi aikin rabin awa, nawa ne hakkinsa?" Ya ce ɗari uku, ai wannan ko yaro ya sani. Na ce, "To, danna minti talatin yadda ka saba dannawa, ka yi sau 600." Ya danna 0.30, sai ga 180. Ya dubi inji, ya dube ni, ya yi shiru. Mutumin kirki ne, ba ɓarawo ba, don a ranar ya kai maganar gaba, aka cika wa ƙanena naira 4,680. Amma ku tuna, ba shi kaɗai a ke biya da wannan littafi ba, kuma ba a watan ne aka fara ba.

To, ina laifin ya ke? Inji ya amsa abin da aka tambaye shi daidai, tambayar ce ta karkace. Injin lissafi na yau da kullum da goma-goma ya ke ƙirga. Lambobi biyu na bayan ɗigo, a wurinsa kashi ne cikin ɗari, kamar yadda kwabo ya ke a cikin naira. In ka danna 8.45, sai ya ɗauka takwas ne da kashi 45 cikin ɗari, abin da ko rabi bai kai ba. Agogo kuwa da sittin ya ke ƙirga. Minti 45 kashi uku ne cikin huɗu na awa, wanda a harshen inji 0.75 ne. Kamar a ce an yi ciniki da mudu mai cin gwangwani sittin, sa'an nan mai saye ya zo da wanda ke cin gwangwani ɗari ya auna. Da haka minti 45 na ƙanena ya koma minti 27, minti 18 suka bi iska. Ƙa'idar ba ta sākewa: cikin kowane minti goma da aka rubuta a bayan ɗigo, huɗu suna zubewa.

Wani zai ce, to me ya hana a gyara agogo ya bi ɗari kamar kuɗi, kowa ya huta? Sittin ɗin nan tsohon gado ne. Wajen shekara 4,000 da suka wuce mutanen Babila, a ƙasar da a ke kira Iraki yau, da sittin-sittin su ke lissafinsu. Misirawa na dā su suka raba rana kashi 12, dare kashi 12. Masana taurari na Girka, da na Musulmi a bayansu, suka gaji lissafin sittin, har ya zauna a fuskar agogo. Ba kuwa da ka aka riƙe shi ba. Sittin tana rabuwa gida biyu, gida uku, huɗu, biyar, shida, goma, sha biyu, sha biyar, ashirin da talatin ba tare da saura ba. Ɗari kuwa ko gida uku ba ta rabuwa daidai. Sulusin awa minti 20 ne cif, amma nemi sulusin ɗari a inji ka ga uku-uku sun jeru ba iyaka.

An ma taɓa gwada kashe sittin. A 1793, zamanin juyin mulkin Faransa, mahukuntan ƙasar suka yi doka a raba dare da rana gaba ɗaya awa 10, kowace awa minti 100, kowane minti sakan 100. Har agogai aka ƙera masu wannan tsari. Jama'a suka ƙi sabawa, a 1795 aka dakatar da tilasta dokar. Awon mita da kilo, wanda su dai Faransawan suka fito da shi a zamanin, ya game duniya, amma agogonsu na ɗari ya mutu a gida. Abin da gwamnati da dokarta ta kasa, ɗan inji mai batir ba zai iya ba. Agogo zai ci gaba da sittin, saboda haka mu ne za mu san yadda za mu yi da inji.

Shi injin, in an gwada shi da agogo, jariri ne. A 1967 injiniyoyin kamfanin Texas Instruments na Amurka, cikinsu har da Jack Kilby, suka haɗa samfurin farko wanda a ke riƙewa a hannu. A 1970 da 1971 kamfanonin Japan irin su Canon da Sharp suka fara kai ƙanana kasuwa. A 1972 Hewlett-Packard ya fitar da HP-35, na masu ilmin kimiyya, wanda ke shiga aljihun riga. Maƙeran nan ba su jahilci matsalar sittin ba, domin a 1973 da suka fitar da HP-45 sun sa masa hanyar juya lissafin goma zuwa na sittin, da dawo da shi. Watau tun fiye da shekara hamsin a ke da maganin ciwon nan. Mai arha na kan tebur, wanda akawu da mai kanti ke saye, shi ne ba a sa masa ba, don an yi shi ne saboda kuɗi.

A nan akwai abin kunya gare mu. Iyayenmu da suka yi ciniki kafin ranar 1 ga Janairu, 1973, ranar da naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule a Nijeriya, sun saba da kuɗin da ba ya bin goma. Kwabo 12 sule guda, sule 20 fam guda, ga taro, ga sisi, ga nai. Tsohuwa mai sayar da daddawa ta san nai da sisi sule ne da taro, ba ta taɓa riƙe alli ba. Ta san inda a ke cika a ɗauka, kuma ta san kowane mataki da iyakarsa. Lissafin lokaci ɗan'uwan wannan ne, sai dai iyakarsa sittin. Yau ga jikanta da takardar shaidar makaranta, ya manta da cewa akwai abin da ba ya cika a ɗari. Sauƙin naira alheri ne, amma bai kamata ya kashe mana wannan basira ba.

Ku lura kuma da wanda kuskuren ke cuta. In an rubuta minti a bayan ɗigo aka yi sau da kuɗi, kullum mai sayar da lokacinsa ne ke faɗuwa: lebura, mai gadi, direba, mai ba da hayar injin ban ruwa. Mai inji da ya ba manomi ruwa na awa 2 da minti 50, in ya danna 2.50, kuɗin awa biyu da rabi ya caji, ya yafe minti 20 da man da ya ƙone bai sani ba. Kuskuren da ke faɗa wa mai biya ba ya kwana, don akwai mai binciken littafi. Wanda ke faɗa wa talaka kuwa sai ya shekara ba mai ɗaga gira. Shi ya sa na ce wannan ya wuce maganar lissafi, ya shiga maganar tauye mudu, ko da mai tauyewar bai yi niyya ba.

Ramukan ba su ƙare a nan ba. Tara awa 2 da minti 40 da awa 1 da minti 35 a inji, sai ya ba ka 3.75. Wannan da sauƙi, don kowa ya san babu minti 75 a agogo, zai tsaya ya gyara ya sami awa 4 da minti 15. Amma tara 2.50 da 1.55, sai ya ba ka 4.05. Ga ta nan fes kamar gaskiya, alhali amsar ita ce awa 4 da minti 45. Minti arba'in sun ɓace ba ko alama. Haka wajen ɗebewa. Wanda ya shiga aiki 7:45 ya tashi 16:15, watau huɗu da kwata na yamma, awa 8 da rabi ya yi, amma inji zai ce 8.70. A nan mai biya ne zai yi hasara, don haka masu gida ma su buɗe kunne. Akwai kuma ramin karanta amsa. Direba mai tafiyar kilomita 200 da gudun 80 a awa, in ya raba zai ga 2.5. Awa biyu da rabi ke nan. Wanda ya karanta ta awa biyu da minti hamsin, ko da minti biyar, ya ɓata lissafinsa.

To, mene ne magani? Na farko, a ba kowane aiki kayan aikinsa. Akwai injunan hannu da aka ƙera musamman don lissafin lokaci, masu madannin awa dabam, na minti dabam, na sakan dabam. Wani kamfanin Amurka mai suna Calculated Industries ya yi irinsu da sunan Time Master. Masu tsara shirye-shiryen rediyo, da matuƙa jirgin sama, da masu lissafin albashi su ne irin mutanen da aka yi wa waɗannan. Amma ba sai ka yi aike ƙasar waje ba. Injin kimiyya irin na Casio da ɗanka ke zuwa sakandare da shi yana da wani madanni mai alamar ɗan ƙaramin zobe da 'yan waƙafai a gefensa. An yi shi don awon kusurwa, amma da ya ke kusurwa ma da sittin a ke raba ta, yana yin lissafin lokaci daidai. Danna 8, danna shi, danna 45, sake danna shi, yi sau 26, sai ya ba ka 227 da 30, watau awa 227 da minti 30. Ofishin da ke biyan mutane da awa, in ya kasa sayen wannan, ba rashin kuɗi ne ya hana shi ba.

Na san abin da za a ce. Wasu za su ce minti sha takwas har nawa ya ke, da za a tara jama'a a kansa? Da yayyafi kogi kan cika. Minti 18 sau 26 minti 468 ne, watau awa 7 da minti 48, kusan yini guda cur a kowane wata. Wa zai yarda a ce masa ya zo ya yi yini yana ɗaukar bulo kyauta? Ma'aikatan duniya sun daɗe suna fama a kan awa. Yarjejeniya ta farko da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi, a 1919, a kan lokacin aiki ne: awa 8 a yini, 48 a mako a masana'antu. Abin da aka sha wuya aka samu da dogon fama, bai kamata ɗigo guda ya riƙa gutsure shi ba.

Wasu za su ce ai yanzu kowa da wayarsa, ita za ta yi. Injin lissafin da ke zuwa da yawancin wayoyi da mudun ɗari ya ke awo, daidai da na kan tebur, sai in ka nemi na lokaci ka sa. Wasu kuma, musamman dattawa, za su ce a yar da injin gaba ɗaya a koma lissafin ka. Wannan ma ban yarda ba. Akawun da ke da leburori ɗari biyu, in ka ƙwace masa inji ka ƙara masa kuskure ne. Ba a yar da lauje don ya kasa sare itace, gatari a ke nema.

Sai dai ko injin lokaci na gaske, akwai abin da sai kai ka gaya masa. Bai san an yi hutu ba sai ka cire. Bai san agogo ya zagayo ba sai ka kula. Mai gadin da ya kama aiki 10:20 na dare ya tashi 6:05 na safe, in aka ɗebe ƙaramar lamba daga babba, za a ce awa 4 da minti 15 ya yi, alhali ya kwana a tsaye awa 7 da minti 45. Bai kuma san agogon ƙasashe ya bambanta ba. Agogon Makka yana gaban na Nijeriya da Nijar da awa biyu. Alhajin da jirginsa ya tashi Kano 10:40 na dare ya sauka Jidda 5:10 na asuba da agogon can, awa huɗu da rabi ya yi a sama, ba shida da rabi ba. Saboda haka ko wane irin inji ka riƙe, kanka ne shugaba.

Ga hanyoyi uku da kowane mai karatu zai iya riƙewa. Ta farko ita ce ta mai ba da canji. Kada ka ɗebe, hau daga inda aka fara. Daga 7:45 zuwa 8:00 minti 15, daga 8:00 zuwa 4:00 na yamma awa 8, daga 4:00 zuwa 4:15 minti 15, jimla awa 8 da minti 30. Wannan hanya ba ta tsoron tsakar dare. Ta biyu, in za ka tara lokuta da yawa da inji na yau da kullum, mai da kome minti. Awa 2 da minti 50 minti 170 ne, awa 1 da minti 55 minti 115 ne, jimla 285. Cire sittin sau huɗu, watau 240, saura 45: awa 4 da minti 45. Ta uku, in za ka yi sau da kuɗi, raba mintin da 60 tukuna kafin ka sa shi a bayan ɗigo. Haddace waɗannan kamar sunan 'ya'yanka: kwata 0.25, rabi 0.50, minti 45 kuwa 0.75, kuma kowane minti shida 0.1 ne.

Ina kira ga masu ɗaukar ma'aikata, su rubuta a takardar biya awa nawa da minti nawa a fili, a gida biyu dabam, su kuma gwada injinsu da tambayar rabin awa kafin su biya kowa. Ina kira ga malaman ajin manya, in sun koyar da karanta agogo, su ƙara darasi guda a kan inda inji da agogo suka raba hanya. Darasin yini ɗaya ne, amfaninsa kuwa har ƙarshen rayuwar aiki.

Kai kuma, ɗan'uwa, da ka sha wuya ka koyi karatu da rubutu da girmanka, kada wani ya kashe maka baki da fuskar inji. Riƙe ɗan littafinka, rubuta lokacin shigarka da na fitarka kullum, yi lissafinka a gida kafin ranar biya. In naka da nasa sun saɓa, ba sai da faɗa ba. Gaishe shi da ladabi, ka ce, "Malam, don Allah nuna mini kuɗin rabin awa a injin nan." In ya fito rabin kuɗin awa, injinsa ya san sittin, sai ka koma ka duba naka. In bai fito ba, ka tsaya har a cika maka hakkinka. Allah ya sa mu ci guminmu cikakke, mu kuma biya na wasu cikakke, amin.